Koyon Na'ura da Tantance Masu Tamowa: Sharhi Daga Ƙasar Zuru

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami yawaitar rubuce-rubuce a mujallun likitanci da na ilmin kwamfuta waɗanda ke da'awar cewa na'ura za ta iya gano mai fama da tamowa fiye da yadda ma'aikacin asibiti yake gano shi. Manufar wannan takarda ita ce mu ɗora kaɗan daga cikin waɗannan ayyuka a kan sikeli, mu ga nauyinsu. Dutsen awon da muka zaɓa kuwa shi ne ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, watau ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu. Dalilinmu shi ne, duk dabarar da aka ce an ƙago ta don talakan ƙauye, to a ƙauye ya kamata a gwada ta.

Kafin mu ci gaba, ya kyautu mu daidaita a kan kalmomi uku. Idan mun ce tamowa, muna nufin lalacewar jiki saboda ƙarancin abinci mai gina jiki ko saboda cutar da ta hana jiki amfana da abincin. Tana da fuska fiye da ɗaya: akwai tsumburewa, inda yaro ya gaza kai tsawon sa'o'insa saboda daɗewa cikin rashi, akwai rama mai tsanani, wadda ke zuwa cikin 'yan makonni, kuma ita ce mai saurin kisa, akwai kuma wadda ke zuwa da kumburi. Tantancewa kuma ita ce tankaɗe da rairayar farko da akan yi wa jama'a masu yawa cikin hanzari don a ware waɗanda ke bukatar a duba su da kyau. Shi kuwa koyon na'ura, wata hanya ce ta lissafi inda ba a rubuta wa kwamfuta ƙa'ida, sai dai a tara mata dubban misalai waɗanda aka riga aka san amsarsu, ita kuma ta tsamo ƙa'idar da kanta. Mu malamai mun san irin wannan ɗalibi: wanda aka ba tsofaffin takardun jarrabawa da aka riga aka yi wa maki, ya yi ta bita har ya laƙanci abin da mai makin yake so. Idan mai makin ya yi kuskure, da kuskuren zai laƙanta.

Abin da ake da shi tun da

Abin mamaki ne yadda yawancin masu rubutu a kan sabuwar fasahar suke tsallake tarihin abin da suke neman maye gurbinsa, alhali kuwa babban ɓangare na wannan tarihi a Afirka ta Yamma aka yi shi. A 1933 ne likita Cicely Williams ta bayyana tamowa mai kumburi a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a 1935 kuma ta shigar da sunan da mutanen Ga ke kiran cutar, watau kwashiyoko, cikin littattafan likitanci. Ma'anar kalmar tana nuni ne ga ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane, wanda ya yi daidai da yadda iyayenmu mata suke danganta tamowa da kwanika. Daga 1956 likita David Morley ya yi aiki a Ilesha da Imesi-Ile, inda ya fito da katin awon nauyin yara wanda ya bazu a duniya. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya ma'aikatan agaji na Kwaka suka yi amfani da wata sanda mai haɗa kaurin damtsen yaro da tsawonsa, aka buga bayaninta a 1969. Sai kuma a 1974 Adnan Shakir na Bagadaza tare da shi Morley suka gabatar da zirin awon damtse mai launi uku. Har da tsohon fim ɗin hoton ƙashi akan yanka a yi shi.

Wannan ziri shi ne har yau ginshiƙin aikin. Bisa matsayar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2009, yaro ɗan wata 6 zuwa 59 wanda kaurin damtsensa bai kai milimita 115 ba yana cikin tamowa mai tsanani, wannan shi ne ja. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, abin da ya kai 125 kuma kore. Ga kumburi kuwa, babban yatsa ake sawa a danna bayan ƙafafun yaro duka biyu na daƙiƙa 3. Idan wurin ya loɓa bai taso ba, hukuncinsa ɗaya da na ja. Ba a bukatar wuta ko caji ko layin waya, ba a ma bukatar sanin ainihin ranar haihuwar yaro, abin da yakan gagari iyaye da yawa a karkara.

Daɗin daɗawa, an tabbatar cewa ba sai ma'aikaci ba. Ƙungiyar ALIMA ta gwada koya wa iyaye mata awon a gundumar Mirriya ta yankin Damagaram a Jamhuriyar Nijar, aka buga sakamakon a 2015 da 2016. An tarar cewa aikin uwayen bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba, kuma a yankin da uwaye ke awon, yaran da sai an kwantar da su a asibiti sun fi ƙaranci, domin ana kawo su da wuri. Waɗannan mata Hausawa ne, yawancinsu ba su yi boko ba. Saboda haka duk na'urar da za ta shigo wannan fage, abokin kokawarta shi ne zirin roba a hannun uwa, kuma da shi ya kamata a gwada ta.

Ba mu ce zirin ba shi da aibi ba. Masana sun daɗe da lura cewa yaran da awon damtse ke kamawa ba duka ne waɗanda awon nauyi da tsawo ke kamawa ba, kowane ma'auni yana barin wasu a baya. Haka nan mai awo yakan matse zirin ko ya sassauta shi. Awon tsawo kuwa ya fi wuya, sai da allo da mutum biyu, ga yaro yana kuka yana zillo. A nan ne masu na'ura suka sami ƙofa, kuma ƙofar ta gaskiya ce.

Na'urar asibitin Niyok

Aikin da aka fi ambata a ɓangaren manya masu jinya shi ne MUST-Plus, na rukunin asibitocin Mount Sinai da ke birnin Niyok na Amurka, wanda aka buga bayaninsa a 2021. Asalinsa wani ma'auni ne mai suna MUST da aka fitar a Ingila a 2003, mai tambayoyi uku kacal: nauyin mutum idan aka gwada da tsawonsa, ramar da ya yi ba da niyya ba cikin wata 3 zuwa 6, da kuma ko ciwo ya hana shi cin abinci fiye da kwana 5. Sabon tsarin ya bar tambayar majiyyaci, ya koma yana karanta abin da ke cikin fayil ɗinsa na kwamfuta, kamar sakamakon gwajin jini da awon jiki da tarihin jinya, kullum ya fitar wa masanan abinci da jerin waɗanda ya kamata su fara dubawa. Marubutan sun nuna cewa ya fi tsohon ma'aunin kamo masu ciwon, kuma ba mu da dalilin musa musu.

Sai dai abin lura shi ne irin gidan da aka raini wannan na'ura. Gida ne da kowane majiyyaci ke da fayil a kwamfuta, ana ɗibar jininsa akai-akai, kuma akwai ma'aikata na musamman da aikinsu kawai shi ne abincin marasa lafiya. Matsalar da ta warware ita ce ta yawan bayanai da ƙarancin lokacin karanta su. A ƙaramin asibitin karkara a Mahuta ko Ribah ko Dirin Daji, al'amarin a juye yake: rajista ce ta takarda, gwajin jini kuma sai wanda ya zama dole domin majiyyaci ne ke biya. Na'urar da abincinta bayanai ne, yunwa za ta kama ta kafin ta gano mai yunwa.

Akwai kuma darasi na biyu daga wannan aiki, wanda ya kamata a yaba wa masu shi da ba su ɓoye ba. A 2024 aka sake bin diddigin tsarin a asibitocin da ke amfani da shi, aka tarar cewa daidaiton hasashensa ya bambanta tsakanin maza da mata, da tsakanin baƙar fata da farar fata, har sai da aka sake saita shi. To, idan haka ta faru a cikin birni ɗaya, a hannun waɗanda suka ƙera abin, me za mu zata idan aka ɗauko shi aka kawo Dabai?

Na'urorin hoto

Waɗanda suka fi kusa da halinmu su ne manhajojin wayar hannu da aka shirya don yara. Ƙungiyar Welthungerhilfe ta Jamus, da taimakon kamfanin Microsoft, ta fito da Child Growth Monitor, aka fara gwada ta a 2018 a jihohin Maharashtra da Madhya Pradesh da Rajasthan na Indiya. Ana zagaya yaro da waya, manhajar ta ƙiyasta tsawonsa da nauyinsa daga siffar jikinsa. Reshen ƙungiyar Action Against Hunger na ƙasar Sifen kuma ya shirya SAM Photo, wadda aka gwada a Senegal, ita hoton hannun hagu na yaro take ɗauka ta auna siffarsa, kuma tana aiki ko babu intanet.

Niyyar kyakkyawa ce, musamman ta farkon, domin idan waya za ta ɗauke wa ma'aikaci ɗawainiyar allo da sikeli, an rage babban nauyi. Amma muna da ƙorafi. Ma'aunin girman yara na 2006 da duniya ke aiki da shi an gina shi ne da gangan a kan yara daga ƙasashe shida, watau Brazil da Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, don kada a ce na wata al'umma ne. Manhajar hoto kuwa siffar yaran da ta gani take sani, kuma ƙirar jiki, kamar tsawon ƙafa idan an gwada da gangar jiki, takan bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Wadda ta yi karatunta a Rajasthan sai ta sake zama aji a ƙasar Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari kafin a yarda da hukuncinta. Sa'an nan ga batun kumburi. Ruwan da ya taru a jiki yana ƙara wa yaro nauyi da cika ido, ta yadda duk ma'aunin da ya dogara ga nauyi ko siffa zai iya ɗaukar mai kwashiyoko a matsayin lafiyayye. Hoto ba ya danna ƙafa. Ke nan ko an kawo wayar, yatsan ma'aikaci yana nan a bakin aikinsa.

Wani abin da rubuce-rubucen ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne mutunci. Ɗaukar hoton yaro maras lafiya, an tuɓe masa riga, a ajiye a wata na'ura da uwar ba ta san inda take ba, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, inda har yanzu wasu iyaye ke ɓoye ɗa mai tamowa don gudun gori. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Amma yardar da aka nema da Turanci, ko ma da Hausa, daga matar da harshenta C'lela ne, sai a yi hattara kafin a kira ta yarda.

Bari mu kawo wani misali na lissafi kawai, don mu nuna yadda alƙaluman da ake tallar na'ura da su kan ruɗi mai karatu. A ƙaddara an tara yara 1,000, daga ciki 20 ne ke da tamowa mai tsanani. A ƙaddara kuma na'urar tana daidai sau 90 cikin 100, ga masu ciwo da masu lafiya baki ɗaya. Za ta kama 18 daga cikin 20, ta saki 2. Daga cikin 980 masu lafiya kuma za ta yi wa 98 ƙazafi. Watau za a tura yara 116 asibiti, alhali 18 ne kaɗai ke da bukata. A birni wannan ɓata lokaci ne kawai. A Sakaba kuwa kuɗin babur ne, da yinin noma guda, da bin hanyar da ba a da tabbacin lafiyarta. Uwar da ta yi wannan tafiya aka ce mata ɗanta lafiya lau, da wuya ta sake amsa kira na biyu.

Waɗanda ba su cikin rajista

Yanzu sai mu zo ga abin da muke ganin shi ne zuciyar magana. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin 100 na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, adadin da ya fi na kowace jiha, a lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 37. Wannan adadi na jiha ne dungurungum, domin haka aka tsara binciken. Bai raba Zuru da Argungu ba, ko da yake ruwan samansu da abincinsu da al'adunsu ba ɗaya ba ne. Ƙasar Zuru ƙasar noma ce tun kaka da kakanni, ƙasar dawa da masara da wake, inda ta hanyar golmo saurayi ke nuna ƙwazonsa a gonar surukai, kuma ake bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona. Tamowa a irin wannan ƙasa tana da dalilai sanannu: rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi yawa, ga ƙyanda, ga yaye da kunu tsararo. A kan waɗannan kuma aka sami ƙarin wanda ya fi su muni, watau ta'addancin 'yan bindiga. A watan Yuni na 2021 an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu, a watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai fiye da 60 kwanton ɓauna a yankin Sakaba, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace 'yan mata daga makarantar sakandare ta Maga. Manomin da ya bar gonarsa ya yi gudun hijira, 'ya'yansa ne farkon shiga ja.

To, na'ura daga rajista take koyo, rajista kuma sunan wanda ya iso asibiti kawai take ɗauka. Ƙauyen da aka tasa, ko wanda ma'aikacinsa ya gudu aka rufe ɗakin shan magani, ba ya aiko da rahoton wata. A idon kwamfuta wurin da bai aiko da rahoto ba da wurin da babu ciwo kusan abu ɗaya ne, sai fa idan mai tsara ta ya san ƙasar ya yi mata bayani. Ta haka na'urar za ta iya nuna cewa tamowa ta fi yawa a garin da ke da asibiti mai aiki, ta karkatar da kayan agaji can, ta ƙara nisanta su da inda aka fi bukata. Wannan ba zato ba ne kurum. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Obermeyer da abokansa a kan wani tsari da asibitocin Amurka ke amfani da shi, wanda ya ɗauki yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin alamar tsananin ciwonsa. Da yake ba a kashe wa baƙar fata kuɗi kamar farare, sai ya riƙa ɗaukarsu a matsayin waɗanda suka fi lafiya.

Ko abin da ya shiga rajistar ma sai an tace. Mun taɓa zuwa duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a wani ƙauye, muka ratsa wani ƙaramin asibiti, muka tarar sikelin ya lalace tun watanni, amma layin nauyi a littafin cike yake, ba gurbi ko ɗaya. Ma'aikacin bai ɓoye mana ba, da ido yake ƙiyastawa, domin ba a karɓar fom da gurbi. Duk kwamfutar da aka koyar da wannan littafi, idon wannan bawan Allah za ta gada.

Bayan an gano, sai me?

Tun 1968 Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idoji goma na tantance cuta a cikin jama'a, kuma daga cikinsu akwai cewa lalle ne ya zama akwai magani, akwai kuma wurin da za a ba da shi. Maganin tamowa mai tsanani sananne ne: haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadarai wanda André Briend da kamfanin Nutriset suka fito da shi a 1996, kowane ƙunshi gram 92. A Maraɗi, lokacin yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta nuna cewa ana iya warkar da dubban yara da shi a gidajen iyayensu. Jihar Kebbi tare da Gombe ne aka fara gwada wannan tsari a Nijeriya a 2009. A 2022 MSF ta buɗe wurin kwantar da yara masu tamowa a Maiyama, wanda tafiya ce mai nisa daga Wasagu ko Bena. A 2025 kuma, shekarar da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zaftare kuɗin agaji, ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗannan yara an riga an gano su, suna kan gado. Abin da ya ci su shi ne isowa a makare. Kusan dukkan rubuce-rubucen da muka duba a kan daidaiton na'ura suke tsayawa, watau sau nawa ta faɗi daidai. Tambayar da ta fi wannan, wato ko yara nawa ne suka rayu saboda an yi amfani da ita, ba ita ce ke gabansu ba.

Inda muke ganin fasahar za ta yi rana

Aikin da ya fi gamsar da mu shi ne wanda aka buga a 2025 game da ƙasar Kenya, na haɗin gwiwar Jami'ar Kudancin Kalifoniya da Microsoft da ƙungiyar Amref da ma'aikatar lafiyar ƙasar. Su ba yaro ɗaya suka sa wa ido ba. Sun haɗa rahotannin wata-wata na asibitoci da hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna lafiyar shuka, don su yi hasashen yankin da tamowa za ta ƙaru har zuwa wata shida gaba. Wannan aiki ne da zirin damtse ba zai iya ba, kuma shi ne abin da mai rabon kaya yake bukata: ya san inda zai kai katan-katan na abincin tamowa kafin ruwa ya yanke hanya. Rumbun bayanan da suka yi amfani da shi, DHIS2, shi ne Nijeriya ma take amfani da shi. Tauraron kuma yana ganin gonar da aka bari ba a nome ba ko da asibitin garin a rufe yake, wanda zai iya rage makantar da muka ambata a baya, muddin an shigar da labarin ƙaura da rufewar asibitoci cikin lissafin.

Idan har za a yi gwaji a ƙasar Zuru, kuma muna fatan Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a garin a 2020 za ta shiga gaba tare da kwalejojinmu, to ga yadda muke ganin ya dace a tsara shi. A ware gundumomi kashi biyu. A kashi na farko a raba wa uwaye ziri, a koya musu awo da danna ƙafa da Hausa da C'lela, a bar ma'aikatan lafiya na ƙauye su ba da maganin kamar yadda jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta amince. A kashi na biyu a yi duk wannan, sa'an nan a ƙara da wayar. A tabbatar abincin tamowa bai yanke wa kowane ɓangare ba daga Yuni zuwa Oktoba. A ƙarshen damina a ƙirga yaran da aka kawo da wuri, da waɗanda aka kwantar, da waɗanda suka rasu, da kuma nairar da aka kashe a kan kowane yaron da ya warke.